Jinkirin zaɓen cike gurbi a Jihar Zamfara

Jinkirin zaɓen cike gurbi shi ne barin kujerar ɗan majalisa babu kowa a kanta fiye da wa'adin da doka ta yanke, bayan mai kujerar ya rasu, ko ya ajiye aiki, ko an tsige shi. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba da kwana 30 a cike irin wannan gurbi, amma a aikace ana kai wata huɗu, wani lokaci har fiye da shekara. A Jihar Zamfara an ga haka a mazaɓar Shinkafi bayan kashe ɗan majalisarta a 2021, da mazaɓar Ƙaura Namoda ta Kudu a 2025, da kuma mazaɓar Talata Mafara ta Kudu, inda shari'a ta tsayar da zaɓen. Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, takan danganta jinkirin da ƙarancin kuɗi, da matsalar tsaro, da umarnin kotu. Masu suka kuma suna cewa lissafin siyasa na da hannu a ciki, domin kujerar da babu kowa a kanta takan amfani wani ɓangare, ta cutar da wani.

Ma'anar kalmomi

Kafafen yaɗa labarai na Hausa suna amfani da kalmomi uku da mutane kan haɗa su wuri ɗaya, alhali kowace da ma'anarta a doka. Zaɓen cike gurbi sabon zaɓe ne ɗungurungum, da sabon fidda gwani da sababbin 'yan takara, saboda kujera ta faɗi a tsakiyar wa'adi. Sake zaɓe kuwa kotu ce ke umartar a yi shi bayan ta soke na farko, kuma yawanci 'yan takarar baya ne ke sake karawa. Na uku shi ne ƙarashen zaɓe, wanda ake yi a rumfunan da aka soke kaɗai idan aka ce zaɓe bai kammala ba. Tun zaɓen gwamnan Kano na 2019 kalmar "inkonkulusib" ta shiga bakin Hausawa da wannan ma'ana. A Ƙaura Namoda ta Kudu an ga nau'i biyu cikin mako guda: zaɓen cike gurbi, sai ƙarashensa.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 76 na kundin tsarin mulki ya yi magana kan Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sashe na 116 kuma kan majalisun jihohi. Duka biyun sun ce idan gurbi ya samu alhali saura fiye da kwana 90 a rushe majalisa, to a yi zaɓe cikin kwana 30 daga samuwar gurbin. Sashe na 68 da na 109 sun jero dalilan da ke raba ɗan majalisa da kujerarsa. Daga ciki akwai karɓar muƙamin minista ko kwamishina, da ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zaman majalisa a shekara ba tare da uzuri ba, da kiranye, da kuma sauya sheƙa zuwa wata jam'iyya in ba rabuwar kai aka samu a jam'iyyarsa ta asali ba. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓukan 2024 da 2025 a ƙarƙashinta, ta ce INEC ta ba da sanarwar zaɓen cike gurbi aƙalla kwana 14 kafin ranar ƙuri'a.

Giɓin dokar yana wurare uku. Na farko, shugaban majalisa ne ke aiwatar da tanadin sashe na 68 da na 109, kuma INEC ba ta motsawa sai ya rubuto mata cewa kujera ta faɗi, amma ba a yanke masa wa'adin rubuta wannan wasiƙa ba. Na biyu, babu hukuncin da aka tanada idan kwana 30 suka wuce ba a yi zaɓe ba. Na uku, sashe na 102 ya halatta wa majalisar jiha ta ci gaba da aikinta ko da akwai gurbi a cikinta. Saboda haka ana iya zartar da kasafin kuɗi, a tantance kwamishinoni, a amince da cin bashi, duk ba tare da muryar wata mazaɓa ba, kuma aikin ya zauna daram a idon doka.

Shinkafi, 2021

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 24 ga Mayu 2019 ya soke ƙuri'un jam'iyyar APC a Zamfara saboda ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, lamarin da ya kai Bello Matawalle na PDP kujerar gwamna, ya kuma cika majalisar jihar da 'yan PDP. Ranar 29 ga Yuni 2021 Matawalle ya koma APC a wani gangami a Gusau, kuma kusan dukkan 'yan majalisar suka bi shi, har da shugabanta na lokacin, Nasiru Mu'azu Magarya. A daren wannan rana 'yan bindiga suka kashe Muhammad G. Ahmad, mai wakiltar Shinkafi, a kan hanyar Sheme zuwa Funtuwa.

Ƙaramar hukumar Shinkafi kujera ɗaya gare ta a majalisar jiha. Mutuwarsa ta bar Badarawa, da Kware, da Jangeru, da Galadi, da Katuru, da cikin garin Shinkafi babu wakili a daidai lokacin da yankin ke cikin tsananin hare-hare. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da man fetur. Waɗannan matakai sun taɓa rayuwar kowane gida a yankin, musamman ganin cewa kasuwar Shinkafi na cikin manyan kasuwannin arewacin jihar. Da INEC ta gudanar da zaɓukan cike gurbi ranar 26 ga Fabrairu 2022 a jihohin Ondo, Filato, Kuros Riba da Imo, Shinkafi ba ta cikin jerin, wata takwas bayan kisan. Kwana uku kafin nan, ranar 23 ga Fabrairu, majalisar Zamfara ta tsige mataimakin gwamna Mahdi Aliyu Gusau, wanda ya ƙi bin gwamnan zuwa APC.

Matsalar tsaro a Shinkafi gaskiya ce da babu mai musunta. Sai dai lamarin na 2021 ya fito da wani abu daban: tanadin sauya sheƙa na sashe na 109 bai yi aiki a kan ko mutum ɗaya ba. Wanda doka ta ɗora wa alhakin bayyana kujerun a matsayin gurbi shi ma yana cikin waɗanda suka sauya sheƙar.

Rikicin majalisa daga 2024

Dauda Lawal ya kayar da Matawalle a zaɓen Maris 2023 a ƙarƙashin PDP, majalisar jiha mai kujeru 24 kuma ta zaɓi Bilyaminu Isma'il Moriki, daga ƙaramar hukumar Zurmi, a matsayin shugabanta. A Fabrairu 2024 wasu 'yan majalisa suka sanar da cewa sun tsige shi, suka ɗora Bashar Aliyu Gummi. Ɓangaren Moriki ya mayar da martani da dakatar da mutum takwas. Daga nan aka shiga yanayin majalisa biyu, kowace na cewa ita ce halastacciya. A Mayu 2025 kwamitin karɓar ƙorafe-ƙorafe na Majalisar Wakilai ya gayyaci gwamnonin Zamfara da Binuwai da shugabannin majalisunsu kan batun dakatar da 'yan majalisa.

Dakatarwa ba ta haifar da gurbi a doka, don haka babu zaɓen da za a kira. Amma ga mutanen mazaɓa sakamakon ɗaya ne: babu mai magana da yawunsu a zauren. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taɓa yanke hukunci kan wannan a shari'ar Rifkatu Danna, 'yar majalisar Bauci mai wakiltar Bogoro da aka dakatar a 2012, inda ta ce dakatarwar ta tauye haƙƙin mutanen da suka zaɓe ta.

A Janairu 2025 majalisar ta bayyana kujerar shugaban marasa rinjaye, Aliyu Ango Kagara na APC, mai wakiltar Talata Mafara ta Kudu, a matsayin gurbi bisa zargin ƙaurace wa zama. An ƙalubalanci matakin a kotu. Da INEC ta fitar da jadawalin zaɓukan cike gurbi a Yuni 2025, ta ce ta cire mazaɓu biyu: Khana ta II a Jihar Ribas saboda dokar ta-ɓaci, da Talata Mafara ta Kudu saboda shari'ar. A nan saurin majalisa ne ya jawo tambaya. Majalisar da ba ta taɓa kujerar masu sauya sheƙa ba a 2021 ta yi hanzarin amfani da sashe na 109 a kan jagoran 'yan adawa a 2025.

Ƙaura Namoda ta Kudu, 2025

Aminu Ibrahim Kasuwar Daji na APC, mai wakiltar Ƙaura Namoda ta Kudu, ya rasu a watan Afrilu 2025. INEC ta sa mazaɓar cikin jerin mazaɓu 16 a jihohi 12 da aka yi zaɓensu ranar Asabar 16 ga Agusta 2025: kujerun Majalisar Dattawa biyu, na Majalisar Wakilai biyar, na majalisun jihohi tara, masu rajista sama da miliyan 3.5. Wata huɗu ke nan bayan rasuwar, wato ninki huɗu na wa'adin kundin tsarin mulki. A cikin wannan tsakani, a ƙarshen Yuli, aka samu labarin kashe mutum sama da 30 daga ƙauyen Banga na ƙaramar hukumar, waɗanda 'yan bindiga suka sace suka kuma karɓi kuɗin fansarsu.

Zaɓen ya yi zafin da ya fi girman kujerar. PDP ce ke mulkin jihar a lokacin, APC ke mulkin tarayya, kuma Matawalle yana riƙe da muƙamin ƙaramin ministan tsaro. Kowane ɓangare ya ɗauki ƙuri'ar a matsayin awon ƙarfi kafin 2027. Gwamnatin jiha da PDP sun zargi APC da amfani da jami'an tsaron tarayya, APC kuma ta zargi gwamnatin jiha da kawo 'yan daba da 'yan sa-kai. Jami'in tattara sakamako, Farfesa Lawal Sa'adu na Jami'ar Tarayya ta Gusau, ya ce zaɓen bai kammala ba. APC na da ƙuri'a 7,001, PDP na da 5,339, ratar 1,662 kuma ba ta kai yawan katunan zaɓen da aka karɓa a rumfunan da aka soke a Sakajiki da Kyambarawa ba. An ƙarasa zaɓen ranar 21 ga Agusta, Kamilu Sa'idu na APC ya yi nasara da ƙuri'a sama da 8,000 a kan Muhammad Lawal Kurya na PDP.

Idan aka kwatanta da sauran mazaɓun da aka yi zaɓensu a rana ɗaya, Ƙaura Namoda ta Kudu na cikin waɗanda suka fi ƙarancin jira. Halilu Ibrahim Kundila na Bagwai da Shanono a Kano ya rasu a Afrilu 2024, mazaɓarsa ta jira wata 16. Isa Dogonyaro na Babura da Garki a Jigawa ya rasu a Mayu 2024, an jira wata 15. Ekene Adams na Chikun da Kajuru a Kaduna, da Sanata Ifeanyi Ubah na Anambra ta Kudu, sun rasu a Yuli 2024, kujerunsu sun yi fiye da shekara a buɗe. Abin da ya rage wa Ƙaura Namoda jira shi ne rasuwar ta zo dab da lokacin da INEC ta tara zaɓukan za ta yi su gaba ɗaya.

Dalilan siyasa da ake ambata

Lissafin kashi biyu cikin uku. A majalisa mai kujeru 24, mutum 8 ke cika zama, kuma su ne adadin da ake bukata a sa hannu kan takardar fara tsige gwamna. Mutum 16 kuwa ake bukata a tsige gwamna, ko shugaban majalisa, ko a zartar da doka bayan gwamna ya ƙi sa hannu. Bayan dakatar da mutum takwas a 2024, waɗanda suka rage su 16 ne cif. A irin wannan hali kowace kujera guda tana da nauyi. Kotun Ƙoli ta fayyace a 2007, a shari'ar tsige gwamnan Filato Joshua Dariye, cewa ana lissafa kashi biyu cikin uku ne daga dukkan kujerun majalisa, ba daga waɗanda suka rage ba. Ma'ana, kujerar da babu kowa a kanta tana aiki kamar ƙuri'ar "a'a" a duk batun da ke bukatar mutum 16. Wanda ke tsoron tsigewa ba ya asarar komai idan gurbi ya daɗe.

Tsoron awon ƙarfi. Zaɓen cike gurbi yana nuna wa 'yan siyasa inda iska ke kaɗawa. Gwamnan da jam'iyyarsa ta faɗi a mazaɓa guda a tsakiyar wa'adi yakan ga magoya baya sun fara zamewa, don haka ɓangaren da bai shirya ba yakan so a ja lokaci.

Rikicin cikin gida. Kujerar da ta faɗi tana tayar da takarar fidda gwani. Inda jam'iyya ke da gidaje fiye da ɗaya, kamar APC a Zamfara mai manyan jagorori irin su Matawalle, da Abdul'aziz Yari, da Aminu Sani Jaji na mazaɓar Ƙaura Namoda da Birnin Magaji, jinkiri na ba da damar sasantawa kan ɗan takara. Jam'iyyar da ta ɗanɗana hukuncin 2019 ta san abin da gurɓataccen fidda gwani ke jawowa.

Riƙe bakin aljihu. Sashe na 81 ya sa kuɗin INEC cikin waɗanda ake cirewa kai tsaye daga asusun tarayya, amma yawan kuɗin da lokacin sakinsu suna hannun ɓangaren zartarwa da Majalisar Tarayya. A Janairu 2025 shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya shaida wa 'yan majalisa cewa naira biliyan 40 da aka ware mata ba za su isa ba, ya nemi biliyan 126. Hukumar da ke jiran a sakar mata kuɗi ba ta da cikakken iko a kan ranar zaɓe.

Kotu a matsayin birki. Umarnin wucin gadi na iya tsayar da zaɓe har wa'adin majalisa ya kusa ƙarewa. A Ribas, 'yan majalisa 27 ƙarƙashin Martin Amaewhule sun sanar da komawa APC a Disamba 2023, ɓangaren Gwamna Siminalayi Fubara ya ce kujerunsu sun faɗi, INEC ba ta yi zaɓe ba saboda shari'o'in da ke gaban kotuna, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da su a kujerunsu ranar 28 ga Fabrairu 2025.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Ba kowane jinkiri ne ke da wanda ya ci ribarsa ba. Kujerun Babura da Garki, da Bagwai da Shanono, da Edo ta Tsakiya, duk na APC ne, kuma sun daɗe a buɗe a ƙarƙashin gwamnatin APC. Kujerar Surulere ta I a Legas, wadda Femi Gbajabiamila ya bari a Yuni 2023 don zama shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, sai ranar 3 ga Fabrairu 2024 aka cike ta. Wannan na nuna cewa babban dalilin shi ne al'adar INEC ta tara gurabe ta yi su rana ɗaya don rage kashe kuɗi. Yakubu ya ce daga Yuni 2023 zuwa Janairu 2025 an samu gurabe 23, kuma irin waɗannan zaɓuka ba sa cikin kasafi, ba a kuma san ranar zuwansu ba. A 2020 ma zanga-zangar EndSARS ce ta tura zaɓen Bakura da wasu mazaɓu daga 31 ga Oktoba zuwa 5 ga Disamba.

Duk da haka, rashin kasafin zaɓen cike gurbi shi kansa zaɓi ne na masu tsara kasafi. Mutuwa da naɗin muƙami abubuwa ne da ke faruwa a kowace majalisa. Su 'yan majalisar da ke da ikon ware kuɗin da kuma sa hukunci a doka ba su ke zama babu wakili ba.

Abin da mazaɓa ke rasawa

Majalisar jiha na zama aƙalla kwana 181 a shekara bisa sashe na 104. Mazaɓar da ba ta da wakili ba ta da mai gabatar da ƙudurin gaggawa idan an kai hari, ba ta da mai kare aikin hanya ko asibiti a gaban kwamitin kasafi, ba ta da ƙuri'a idan Majalisar Tarayya ta aiko da gyaran kundin tsarin mulki. A karkarar arewacin Zamfara aikin ɗan majalisa ya wuce zaure: shi ake kira idan an sace mutane, shi ke kai kuka gidan gwamnati, shi ke bin sawun kayan agaji na 'yan gudun hijira. Wanda aka zaɓa a makare kuma yakan tarar an gama rabon kwamitoci, an zartar da kasafin shekara.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A Amurka gwamnan jiha ne ke sa ranar zaɓen cike gurbi na Majalisar Wakilai, kuma ana yawan zargin gwamnoni da jan ƙafa idan kujerar ta abokan hamayya ce. Sylvester Turner na jam'iyyar Dimokurat ya rasu ranar 5 ga Maris 2025, amma gwamnan Texas, Greg Abbott na Rifablikan, ya sa zaɓen sai 4 ga Nuwamba. A Arizona, Adelita Grijalva ta ci zaɓe ranar 23 ga Satumba 2025, ba a rantsar da ita ba sai 12 ga Nuwamba. A Wisconsin sai da kotu ta tilasta wa Gwamna Scott Walker kiran zaɓe a 2018.

A Birtaniya al'ada ta bar wa jam'iyyar da ke riƙe da kujerar ta nemi a kira zaɓe, yawanci cikin wata uku. Indiya ta yanke wata shida. Ghana ta ɗora wa akawun majalisa sanar da hukumar zaɓe cikin kwana 7, a yi zaɓe cikin kwana 30, ko 60 idan rasuwa ce. Kenya ta ba shugaban majalisa kwana 21 ya sanar, a yi zaɓe cikin kwana 90, amma da hukumar zaɓenta ta zauna babu kwamishinoni daga 2023 zuwa Yuli 2025, mazaɓar Banissa ta yi fiye da shekara biyu da rabi babu wakili. A Jamhuriyar Nijar, kafin juyin mulkin Yuli 2023, ana zaɓen kowane ɗan majalisa tare da mataimakinsa, wanda ke hawa kujerar idan ta faɗi.

Shawarwarin gyara

Ana tattauna hanyoyi da dama. Ɗaya ita ce a bar jam'iyyar da ta ci kujerar ta kawo magaji ba tare da zaɓe ba. Masu goyon baya na cewa zai rage kashe kuɗi, masu adawa kuma na cewa zai miƙa kujerar ga iyayen gidan jam'iyya, ya kuma hana mazaɓa sauya ra'ayi, kamar yadda Bagwai da Shanono ta koma NNPP, Chikun da Kajuru ta koma APC, Anambra ta Kudu ta koma APGA a 2025. Wata hanyar ita ce a yanke wa shugaban majalisa wa'adin sanarwa irin na Ghana da Kenya, in ya wuce INEC ta ci gaba da kanta. Akwai kuma masu ganin a ƙara wa'adin daga kwana 30 zuwa 90 don ya yiwu a aikace, a ware asusu na dindindin domin zaɓen cike gurbi, a kuma ƙayyade tsawon dakatar da ɗan majalisa. Kowace daga cikin waɗannan da ta taɓa sashe na 76 ko na 116 tana bukatar gyaran kundin tsarin mulki, wanda ba ya tabbata sai da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36.